Da Safe Tabarma, Da Dare Rediyo

Gyara zama, yau hirar neman abinci za mu yi.

Mutanen da sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Gaskiyarsu, in mutum ya cusa su a baki lokaci guda. Amma in ka tauna ɗaya da safe, ka ajiye ɗayar sai dare, duka biyu za su wuce lafiya lau. Ni mai sana'a biyu ne. Da dare ina gidan rediyo, ina sa wa jama'a kiɗa da waƙa. Da sassafe kuma ina kan tabarma, ina koya wa mutane miƙa jiki da jan numfashi, abin da ake kira yoga. Wataƙila ka ce, me ya haɗa kifi da kaska? Saurara ka ji. Kai ma na san ba ka rasa abu biyu a hannu: gona da ɗinki, ko kiwo da fatauci, ko garka da gyaran keke. Saboda haka maganar nan ta shafe ka.

Garin da rami ya haifa

Ni haifaffen Arlit ne, cikin jihar Agadas. Kafin 1969 babu gari a nan, sai rairayi da duwatsu, da makiyaya Abzinawa masu wucewa da raƙumansu. Da aka gano ƙarfen uraniyom a ƙarƙashin ƙasa, aka kafa kamfanin Somaïr, ya fara fitar da ƙarfe a 1971. Daga baya aka kafa na biyu, Cominak, ya fara a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. Uraniyom ɗin nan ƙasashen waje ake kai shi, su yi wutar lantarki da shi.

Labarin aiki ya bazu ko'ina. Mutane suka yo ca. Ga Adarawa daga Tawa, ga Gobirawa da Katsinawa daga Maraɗi, ga Damagarawa, ga Zabarmawa da Barebari da Fulani. Mahaifina yana cikinsu, daga Adar ya zo. Kowa ya taho da tabarmarsa da tukunyarsa da waƙar garinsu. In ka bi layi ɗaya da dare, sai ka ji gurmi a wannan gida, ka ji mata suna buga tende a wancan, ka ji Shata ko Ɗanƙwairo a teburin mai shayi. Cikin wannan hayaniya kunnena ya buɗe.

Yadda na fara

Ina ɗan shekara goma sha biyar na zama yaron wani mai sayar da kaset a kasuwa. Aikina in share rumfa, in naɗe zaren kaset da biro in ya fita, in rubuta sunan mawaƙi a bayan kwali. Lekol ɗin da na yi ba ta da yawa, amma ta isa in rubuta suna daidai. Kullum maigidana yana cewa: “Yaro, kaset da ba suna kamar raƙumi ne da ba lamba. Duk wanda ya tsinta, nasa ne.”

Lokacin nan arewacin ƙasa ba lafiya, ana tawaye. Waƙoƙin jita na Abzinawa, irin na Abdallah Oumbadougou, a ɓoye ake jin su. Kaset yana tafiya hannu da hannu, cikin aljihun direba ko cikin buhun fatake. Da aka sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, jita ta fito fili. Abdallah ya dawo gida, ya buɗe makarantar kiɗa a nan Arlit, ya buɗe wata a Agadas. Allah ya yi masa rasuwa a 2020.

Rediyo kuwa tsohon abokin talaka ne a Nijar. Tun 1958 aka buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai, wanda muke kira Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a karkara. Mutanen gari su taru a bakin akwati ɗaya, su saurara, su tattauna, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. A 1999 aka buɗe ƙaramin gidan rediyo na karkara a Bankilare, daga nan irinsa suka yi ta fitowa a garuruwa.

Ni ma a wani ƙaramin gidan rediyo na samu shiga. Na shekara biyu ba albashi. Ina shara, ina dafa shayi, ina kallon hannun manya a kan na'ura. Ran nan aka ba ni minti goma sha biyar daren Alhamis, in karanta gaisuwa in sa waƙa. Daga minti goma sha biyar aka koma rabin awa, daga rabin awa aka koma awa biyu kowane dare.

To, ina kuɗin yake? Bari in gaya maka. Ƙaramin gidan rediyo da katin gaisuwa yake ci. Mutum ya sayi kati dala ashirin, ya gai da ƴan'uwansa, ya zaɓi waƙar da yake so. Sai sanarwar biki da ta suna da ta rasuwa, da cigiyar raƙumi ko akuya. A cikin wannan za a biya wuta, a gyara na'ura, abin da ya rage a raba. In na shiga kasuwa kowa ya san muryata, ana ta ɗaga mini hannu. Amma mai shinkafa ba ya auna tiya don ya san muryarka.

Waƙa tana tafiya, mai ita yana gida

Ana nan wayar salula ta zo, kaset ya mutu. Waƙa ta koma cikin ɗan kati wanda bai kai farce ba. Samari su haɗa waya da waya, waƙa ta tsallaka, ba a biya ko dala ba. Sau da yawa ko sunan mawaƙin babu.

Ka ji labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa? Yana yaro ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa. Waƙoƙin suka bi waya, suka ratsa hamada har Mali, shi yana gida bai sani ba. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya a wayoyin mutane, ya sa ta cikin faifan da ya fitar a 2011. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya gano mai ita. Da suka haɗu suka yi aiki tare, har suka yi fim a Agadas wanda ya fito a 2015. Yau Mdou yana kiɗa a Amurka da Turai. Haka Bombino, ɗan jihar Agadas, wanda aka haifa a 1980. Faifansa na 2018 ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan.

Ka duba da kyau. Da ba a gano sunan Mdou ba, da waƙarsa ta ci gaba da yawo, shi kuma yana zaune hannu wofi. Mawaƙa nawa ne a ƙauyukanmu waɗanda waƙarsu ta yi nisa, sunansu bai bi ta ba? Wannan shi ne aikin mutum irina. Ni ba na kiɗa, ba na waƙa. Ina tsaye ne tsakanin mawaƙi da mai sauraro, kamar dillali tsakanin mai raƙumi da mai saye. Dillali kuwa in ba shi da amana, kasuwa ɗaya zai ci.

Saboda haka ina da ƙa'ida huɗu. Ta farko, ba na ɗaukar muryar kowa sai na nemi izininsa, na kuma gaya masa inda za a ji ta. Ta biyu, ina da littafi. A ciki nake rubuta sunan mawaƙi, da garinsu, da sunan waƙa, da harshen da aka yi ta, da ranar da na ɗauka. Yanzu littattafan sun kai bakwai. Ta uku, kafin in sa waƙa a rediyo sai na faɗi sunan mai ita, in ta ƙare in sake faɗi. Ta huɗu, in wani ya ji waƙa ya nemi mawaƙin don biki, ina haɗa su kai tsaye, su yi cinikinsu. In mawaƙin ya ga dama ya ba ni goro, na gode. Waɗanda suka yi ƙarfi kuma ina gaya musu su je su rubuta waƙoƙinsu a ofishin kare haƙƙin mawaƙa na ƙasa, BNDA.

Akwai kuma dabarun hannu. A hamada iska ita ce abokiyar gabar mai ɗaukar murya. Ina rufe bakin na'ura da soso ko da safa mai tsabta. Ina ɗauka bayan sallar isha ko da asuba, lokacin da iska ta kwanta. Duk abin da na ɗauka ina ajiye shi wuri biyu, don zafi da ƙura suna kashe kati.

Ta ina yoga ta shigo?

Ta bayana ta shigo. Zaman kujera da dare, da tafiyar mota a kan hanya mai gargada, suka sa mini ciwon baya. Na je asibiti. Likita ya duba, ya ce ƙashi lafiya yake, jijiyoyi ne suka ɗaure, sai in riƙa motsa jiki. Wani malamin wasanni a gidan samari ya nuna mini waɗansu hanyoyin miƙa jiki, ya ce sunansu yoga. Na yi wata uku ina yi kullum da safe, na ji sauƙi. Na bi shi shekara biyu ina koyo. Daga baya na je Yamai na ƙara sani wajen waɗanda suka fi shi.

Yoga daga ƙasar Indiya ta fito, kuma ta daɗe ƙwarai a can. Yanzu ta bazu duniya. A watan Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, aka fara bikinta a 2015. Ba ta bukatar ƙwallo, ba ta bukatar takalmi ko fili babba. Tabarma ɗaya ta isa.

Da na fara koyarwa, wani dattijo a unguwarmu ya kira ni. Ya ce: “Ɗana, abin nan da kake tara mutane kuna yi, ba bautar wani abu ba ne?” Na ce: “Baba, tambayarka tana kan hanya. A Indiya akwai masu haɗa ta da addininsu. Ni abin da na ɗauko miƙa jiki ne da numfashi kawai. Ba ma kiran sunan kowa, ba ma rusuna wa kowa. Sai mun dawo daga masallaci muke farawa. Ka zo ka gani da idonka.” Ya zo ya zauna a gefe kwana uku yana kallo. Rana ta huɗu ya zo da tabarmarsa, ya ce gwiwa tana damunsa wajen sujada. Mata kuwa ba ma haɗa su da maza. Maiɗakina ta koya, ita take koya musu a cikin gida.

Ga abu uku da za ka iya gwadawa gobe da safe, kafin ka karya kumallo.

Na ɗaya: zauna a tabarma, ka miƙe bayanka. Ja numfashi ta hanci a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci. Sake shi a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Yi haka sau goma.

Na biyu: durƙusa, ka dafa ƙasa da hannu biyu. In ka ja numfashi, ka sauke ciki ƙasa, ka ɗaga kai. In ka sake shi, ka tura baya sama kamar kyanwa ta tashi daga barci. Yi haka sau takwas.

Na uku: kwanta rigingine, ka jawo gwiwoyinka zuwa ƙirji, ka rungume su. Tsaya haka har numfashi biyar, sa'an nan ka sake.

Amma ka ji wannan da kunnen basira. In wani wuri ya yi maka zafi, ka tsaya, kada ka tilasta. Mace mai ciki, da mai hawan jini, da mai gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su tambayi likita tukuna. Yoga ba ta warkar da tarin fuka, ba ta fitar da ƙurar rami daga huhu. Duk wanda ya zo mini da tari mai daɗewa, ko yana tofar da jini, asibiti nake tura shi ran nan. Wanda ya ce maka miƙa jiki yana maganin kowace cuta, kuɗinka yake so.

Ranar da aka rufe rami

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya daina aiki, don ƙarfen ramin ya ƙare. Ma'aikata fiye da 600 suka rasa aikinsu, ban da ɗaruruwan da suke aiki a ƙarƙashin ƴan kwangila. Ka san albashin mutum ɗaya baki nawa yake ciyarwa? Mahauci yana ciki, tela yana ciki, mai ruwa da mai wanki da makaɗi duk suna ciki. Waɗansu suka kwashe iyali suka koma garuruwansu. Waɗansu suka nufi wuraren haƙar zinariya. Biki ya ragu. Katin gaisuwa ya ragu. Akwai watan da rabona a gidan rediyo bai kai kuɗin buhun gero ba.

A wannan shekara tabarma ce ta riƙe gidana. Direbobi da ƴan kasuwa da malaman lekol suna zuwa, kowa yana ba da jaka biyu a wata. Sai ga tsofaffin ma'aikatan rami sun fara zuwa su ma. Mutum ya shekara ashirin yana tashi da asuba ya tafi aiki, yanzu ya tashi ba inda za shi. Barci ya ƙi, zuciya ta yi nauyi, faɗa ya yi yawa a gida. Waɗansu ba su da abin biya. Na ce su zo haka nan. Wani ya kawo tiyar gero, wani ya gyara mini wayar wuta, wani ya kawo sukari da ganyen shayi. In mun gama sai su zauna su yi hira. Na lura hirar nan ma tana yi musu amfani kamar miƙa jikin.

Ɗan'uwa, kamfani babba ne, amma ba ya dawwama. Ko Somaïr ma, a watan Yuni 2025 gwamnati ta karɓe shi daga hannun kamfanin Faransa, Orano. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wanda duk abincinsa a ƙofa ɗaya yake, ran da aka rufe ƙofar ina zai nufa?

Assamakka

Daga Arlit in ka yi arewa maso yamma kamar kilomita 200, za ka isa Assamakka. Shi ne gari na ƙarshe kafin ƙasar Aljeriya. Ƙaramin gari ne a tsakiyar rairayi. Akwai sojoji da ƴan duwan, akwai ƴan kasuwa da direbobin manyan motoci. Da rana zafi kamar wuta, da hunturu kuma sanyin dare har cikin ƙashi. Nakan je can sau uku ko huɗu a shekara, da na'urar ɗaukar murya a jaka, da tabarma a naɗe.

Abin da ya fara kai ni waƙa ce. Direbobi suna zuwa da sababbin waƙoƙi daga Tamanrasat, ina so in ji su tun da wuri. Amma na tarar da wani abu. Hukumomin Aljeriya suna koro baƙin haure, su sauke su a bakin iyaka, wurin da ake kira Point Zéro. Daga nan sai su tako da ƙafa kamar kilomita 15 zuwa Assamakka. A 2024 kawai, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro haka. Akwai ƴan Nijar, akwai ƴan Mali da Gini da Najeriya da sauran ƙasashe. Da yawa sun iso ba waya, ba kuɗi, ba takalmi.

Wanda ya iso haka, ruwa yake bukata da abinci da likita. Wannan aikin ma'aikatan agaji ne, kuma suna yi. Ni sai bayan kwanaki nake da amfani, lokacin da mutum yake zaune yana jiran motar da za ta kai shi gida, kwana ya ƙi ƙarewa, dare ya ƙi wucewa. Da asuba nakan shimfiɗa tabarma a gefe in fara abina. Ba na kiran kowa. Sai ka ga ɗaya ya matso, biyu sun matso. Ba ma jin harshen juna, amma ƙirga numfashi da yatsu kowa yana ganewa. Wani saurayi ya gaya mini ran nan ne ya fara barci tun da aka kama shi.

Da dare kuma su suke ba ni. Wani ya kifa jarka ya mai da ita ganga, wani ya ɗauki waƙar garinsu, sauran su amsa. Wani yaro ɗan Gini ya yi waƙa mai daɗi ƙwarai, na roƙe shi in ɗauka. Ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: kafin kowa ya ji, in aika wa mahaifiyarsa ta WhatsApp, don ta san yana da rai. Ya haddace lambar wani maƙwabcinsu. Muka aika. Sai da amsa ta zo sa'an nan na sa waƙar a rediyo. Akwai kuma waɗanda suke cewa kada in faɗi sunansu, don ba sa so a ji a gida cewa sun dawo hannu wofi. Su ma ina rubuta sunan a littafi, amma ba ya fita daga bakina.

A Assamakka na gane sana'o'in nan biyu dangin juna ne. Mawaƙi da numfashi yake aiki. Mai magana a rediyo ma haka. Tun da na fara yoga muryata ta daina rawa, ina karanta doguwar sanarwa ba tare da haki ba. Yanzu har mawaƙa suna zuwa in koya musu jan numfashi kafin biki. Aikin rediyo kuma ya koya mini sauraro. Shi ya sa in mutum yana kan tabarma, daga jin numfashinsa nakan san ya gaji, ko da bai faɗa ba.

Yadda nake raba su

Kada ka ɗauka abin yana tafiya da kansa. Sai da tsari.

Na farko, lokaci. Daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai da rabi na tabarma ne. Daga ƙarfe takwas zuwa goma na dare na rediyo ne. Bayan azahar ina kwanciya awa ɗaya, ko me ake yi. Mai sana'a biyu in bai yi barci ba, duka biyun zai ɓata. In zan yi tafiya, ina gaya wa kowane ɓangare tun da mako guda.

Na biyu, kuɗi. Ina da gwangwani biyu, kowace sana'a da nata. A ƙarshen wata ina rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Da haka nake sanin wadda take ciyar da ni, da wadda nake ciyarwa. Akwai shekarar da rediyo ya ɗauki nauyin gida, akwai shekarar da tabarma ta ɗauka.

Na uku, kada ɗaya ta ci haƙƙin ɗaya. In ina so a yi sanarwar ajina a rediyo, ina sayen kati kamar kowa. Makirufo amanar jama'a ce, ba gonata ba ce.

Na huɗu, magaji. Na koya wa samari biyu aikin na'ura, na koya wa ɗaya jagorancin tabarma. In ina Assamakka, shiri ba ya tsayawa, aji ba ya watsewa. Waɗansu suna cewa ina koya wa masu ƙwace mini abinci. Ni kuwa na ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, haƙuri. Shekara biyu na yi a rediyo kafin in ga dala. Ajina na farko mutum uku ne, ɗaya ma ƙanena ne. Sannu ba ta hana zuwa.

To, ɗan'uwa, ban ce ka bar gonarka ka nemi makirufo ba. Ban ce kowa ya zama mai koyar da yoga ba. Abin da nake roƙonka shi ne, in an gama girbi ka samu wuri ka zauna, ka ɗauki takarda da fensir. Rubuta duk abin da hannunka ya iya. Rubuta kuma abin da mutanen garinku suke tafiya nesa su nema. Duba ko akwai inda biyun suka haɗu. Wataƙila gyaran waya ne, wataƙila saƙar tabarma, wataƙila ɗaukar waƙoƙin tsofaffin garinku kafin su tafi da su. In ka samu, ka ba ta lokacinta daban da gwangwaninta daban, ka fara da kaɗan, kada ka saki ta farko. Ke ma ƴar'uwa, maganar nan har da ke.

In kuma kana da waƙar wani a wayarka, ka tambayi sunan mai ita, ka rubuta. Ran da za ka tura wa abokinka, ka tura da sunan.

Allah ya ba mu lafiya da sana'a mai albarka. Sai wani jiƙon.